Kalmar "onus" ta ja mini jan biro a ofis, ina kuskurena?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin sayar da taki da abincin kaji a Zariya, kuma ni nake rubuta yawancin wasiƙunmu na Turanci. Wani dila ya ce ya biya kuɗin buhu arba'in, mu kuma ba mu ga kuɗin ba, sai na rubuta masa: "It is your onus for bringing the receipt." Manaja ya ja wa layin jan biro ya ce in sake, bai faɗa mini dalili ba. Bayan kwana biyu a wurin taro na ce masa, "The onus is on you, sir, to sign the voucher." Na ga ya ɓata rai, wasu kuma suna ƙunshe dariya. Na duba ƙamus, ya ce ma'anarta nauyi ko alhaki. To ina kuskurena? Ko in daina amfani da ita gaba ɗaya? Yanzu har tsoron buɗe baki nake a taro.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, rabin magana dai ya ba ki. Abubuwa uku ne suka haɗu miki cikin 'yan kwanaki: ginin jimla a wasiƙar dila, wurin da kika ajiye kalmar a gaban manaja, sai kuma furuci, wanda nake kyautata zaton shi ya jawo dariyar. Duk masu gyaruwa ne, kuma babu wanda ya kai ki kulle bakinki a taro.

Mu fara da wasiƙar. A Hausa muna cewa "nauyinka ne", "alhakinka ne", mu liƙa wa kalmar mai ita a jiki. Wannan ɗabi'ar ce ta biyo ki cikin Turanci har kika rubuta "your onus". Masu harshen ba su saba mallaka wa mutum wannan kalma ba. Da wuya ki ji sun ce "my onus" ko "his onus", ɗora ta suke yi a kan mutum. Ginin da aka fi sani, wanda in kin riƙe shi kin gama da mafi yawan matsalar, guntaye huɗu ne a jere: "the onus", sai "is on", sai wanda aka ɗora wa, sai "to" tare da aikatau tsurarsa, ba a ƙara masa komai a wutsiya ba. Saboda haka jimlarki, in an gyara ta, za ta zama: "The onus is on you to produce the receipt." Dubi abin da ya canza. "Your" ta fita, "the" ta shigo. "For bringing" ta koma "to produce". Idan kika ambaci mutumin da nauyin yake kansa, abin da zai biyo baya "to" ne, ba "for" da aikatau mai wutsiyar "ing" ba. Nan ne mafi yawan ɗalibai suke faɗuwa, domin sun saba da "responsible for doing", sai su ɗauko "for" ɗin can su kawo ta nan.

Akwai karin maganarmu da ta fi kusa da ita fiye da abin da ƙamus ya ba ki, wato "ya rataya a wuyan wane". Ba ma cewa "ratayarka ce". Cewa muke nauyin kawo rasit ya rataya a wuyan dila. Duk lokacin da za ki rubuta "onus", ki fara faɗin jimlar a zuci da "ya rataya a wuyan". Idan ta zauna, to kalmar za ta zauna.

Ba "is" kaɗai ce take tafiya da ita ba, amma kowane aikatau da 'yar kalmar haɗin da yake ja. Ana cewa "the onus falls on", ana cewa "the onus rests on" ko "rests with", ana cewa "the onus lies with", lauyoyi kuma sukan ce "lies on". Idan wani ne yake ɗora wa wani, sai a ce "put the onus on" ko "place the onus on": "The new policy puts the onus on dealers to keep their payment slips." Idan ana son ture shi daga wuyan wani zuwa wuyan wani, "shift" ake kawowa: "He is trying to shift the onus onto the company." Wannan ta ƙarshe ki adana ta, domin ita ce ainihin abin da dilan naku yake yi in ya ce ku je ku nemo kuɗin a littafinku. Abin da ba na so ki rubuta shi ne "the onus is for you", ko "the onus is to you", ko "the onus is at your side". Ba a faɗin ko ɗaya. In kin rikice, koma kan "is on", ba za ta taɓa kunyata ki ba.

To ina "of" take shigowa? Tana zuwa ne idan aikin kika sa a gaba kafin mutumin: "The onus of proving payment lies with the dealer." A nan aikatau yana ɗaukar "ing". Haka kuma "the onus of proof", wadda ita ce fitacciya a bakin lauyoyi. "For" ma takan fito, amma kafin suna, kamar "The onus for safety rests with the employer." Ni dai shawarata ki bar wannan sai kin saba da sauran.

Ƙananan abubuwa biyu kafin mu wuce. Harafin "s" da yake ƙarshenta ba alamar jam'i ba ne, jikin kalmar ne, kamar na "bus" da "bonus" da "virus". Don haka "the onus is", ba "the onus are" ba. Jam'inta "onuses" yana nan a ƙamus, amma za ki iya shekaru kina karatu ba ki gamu da shi ba, kuma idan kin ga hannunki zai rubuta shi, alama ce "responsibilities" kike nufi. Sannan "an onus" daidai ne a wuri irin "The contract places an onus on the buyer to inspect the goods", ko "a heavy onus", sai dai "the" ce abincin yau da kullum.

Yanzu ga wurin da nake so ki tsaya sosai, domin jimlar da kika faɗa wa manaja ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya. Da a jarrabawar WAEC ko NECO ce, makinki cikakke ne. Duk da haka ya ɓata rai, kuma yana da dalili.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin kaya, irin wanda ake ɗora wa dabba ko jirgin ruwa, kuma ta shiga Turanci a ƙarni na 17. Daga tushenta ne aka sami "onerous", abu mai nauyi da wahala, da "exonerate", wato a sauke wa mutum kayan zargi a wanke shi. Har yau wannan nauyin bai bar ta ba. Ba a amfani da ita ga alhakin da mutum yake ɗauka da murna. Uwa ba za ta ce kula da ɗanta "onus" ne ba, wanda aka yi wa ƙarin girma ba zai ce ya sami sabon "onus" ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, kalmar tana zuwa ne inda ɓangarori biyu suke, ana tambayar wane ne cikinsu zai motsa. Da zarar kin ce "the onus is on you", kin faɗi rabin da ba ki furta ba: ba a kaina yake ba, ni na yi nawa, in abu ya lalace kai za a tambaya. Nuni ne da yatsa.

Shi ya sa gidanta na asali kotu ne. Lauyoyi suna da tsohuwar magana ta Latin, "onus probandi", nauyin kawo hujja. A Najeriya, Dokar Shaida ta 2011, sashe na 131, ta ce duk wanda yake son kotu ta yanke hukunci bisa wasu abubuwa da ya yi iƙirarin sun faru, shi zai tabbatar da cewa sun faru. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ce wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin, ma'ana nauyin yana wuyan mai gabatar da ƙara. Ita Dokar Shaidar "burden of proof" ta rubuta, amma a hukunce-hukuncen alƙalai za ki ga suna musanya ta da "onus of proof" ba tare da ma'ana ta canza ba. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya ji hadisin da yake cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, wanda Baihaƙi ya ruwaito, kuma da shi alƙalan kotunan Shari'a suke aiki. Wannan "tana kan" ɗin ita ce "is on" ɗin Turanci.

To yanzu ki sake sauraron jimlarki da kunnen manaja. A gaban ma'aikatansa, ƙaramar ma'aikaciya ta yi masa magana da harshen da alƙali yake yi wa mai ƙara, ko lauya yake yi wa abokin hamayya. Ke abin da kike nufi shi ne takardar tana jiran sa hannunsa. Shi abin da ya ji shi ne, "Jinkirin daga wurinka yake, kowa ya shaida." Kalmar "sir" da kika saka a tsakiya ba ta rage zafin ba. Kwatanta da Hausa: akwai tazara tsakanin "Ranka ya daɗe, takardar tana kan teburinka" da "Ranka ya daɗe, abin ya rataya a wuyanka." Dukansu Hausa ce mai kyau, amma ɗaya ce kawai ake faɗa wa na gaba a cikin jama'a.

Abin da ya dace a wurin shi ne, "Sir, the voucher is ready for your signature," ko "We are waiting for your approval before we proceed, sir," ko a rubuce, "Submitted for your approval, please." Ki lura babu ɗaya da ta ambaci nauyi ko alhaki. A aikin ofis, wannan kalma takan gangaro daga sama zuwa ƙasa, ko ta tsallaka tsakanin ɓangarori biyu masu jayayya, ko ta zauna a cikin rubutacciyar ƙa'ida wadda ba ta nufin mutum ɗaya. Daga ƙasa zuwa sama kuwa, sai in an shirya faɗa. Wuri ɗaya ne na ƙasa zai faɗe ta gaban na sama ta yi masa kyau, wato idan kansa ya ɗora wa: "The onus is on us in accounts to reconcile these figures before Friday." Wannan in kin faɗa a taro, manaja zai ji cewa sashenku ya san aikinsa.

Sai batun dariya. Kalmar gaɓa biyu ce, kuma ƙarfin murya yana kan ta farko. Wasalin farko dogon "o" ne, irin na "go" da "no" da "own". Gaɓa ta biyu gajeriya ce mai rauni, ta fi kusa da "nas" fiye da "nus". Wato O-nas, kamar ki ce "bonus" ki cire "b". Ramuka biyu ne a gefenta. Idan "s" ɗin ƙarshe ya koma "z", mai sauraro zai ji "owners", masu abu, ya rasa inda kika dosa. Na biyun ya fi muni: idan wasalin farko ya zame ya koma "e" ko "ei", kin faɗi kalmar Turanci ta dubura, wadda harafi ɗaya ne tak ya raba su a rubuce. Ina zaton wannan ko makamancinsa ne abokan aikinki suka ji, ko suka ga dama suka ji. Maganinsa ki zagaye leɓɓanki sosai kafin ki fara, ki ja "o" ɗin, ki faɗi "bonus, onus" a jere sau da yawa har bakinki ya saba. Ki kuma kula da wayarki da kwamfutarki, domin masu gyaran rubutu da kansu sukan musanya kalma ba ki sani ba. Duk wasiƙar da kalmar take ciki, ki duba wannan layin da idonki kafin ki tura.

Mu koma kan dila, domin ina ganin jan biron manaja ba don nahawu kaɗai ba ne. A ƙa'ida kina da gaskiya: wanda ya ce ya biya, shi zai nuna shaidar biya. Amma wasiƙar farko ba wurin wannan kalma ba ce. Mutumin abokin ciniki ne, wanda yake ɗaukar buhu arba'in a tashi ɗaya, kuma har yanzu ba a tabbatar ko kuskuren daga wurinsa yake ko daga wurinku ba. Kafin ki rubuta komai, ki nemi bayanan asusun banki na kwanakin da ya ambata, ki ƙara kwana uku gaba da uku baya. Ki duba takardun POS da kwafin littafin rasit. Ki nemi adadin kuɗin, ba sunansa kaɗai ba, saboda dilolinmu sukan tura kuɗi ta asusun yaronsu ko ɗan'uwansu ko mai POS na bakin kasuwa, sunan da zai fito daban ne. Ki duba kuma ko an rubuta kuɗin a shafin wani dila mai irin sunansa, ko ya biya kashi biyu. Sai kin gama wannan kike da bakin magana.

Wasiƙar farko roƙo ce: "We have been unable to trace this payment in our records. Kindly send us a copy of the receipt or transfer slip so that we can update your account." Ki sa lambar takardar kaya da kwanan wata da adadin kuɗi. In mako ya wuce shiru, ta biyu tunatarwa ce mai wa'adi: "Please let us have proof of payment by" sai ki sa ranar. Idan ya ci gaba da cewa ya biya alhali ya ƙi nuna komai, a nan ne kalmar take samun wurinta, a wasiƙa ta uku: "We have checked our bank statements and receipt books and found no record of this payment. The onus is now on you to provide evidence that it was made." Dubi aikin da "now" take yi, tana nuna kun sauke naku kafin ku ɗora masa nasa. Wasiƙa irin wannan manaja ne ya kamata ya sa mata hannu, kuma idan kuɗin mai yawa ne har ana hangen kotu, lauyan kamfani ya gan ta kafin ta fita.

Maƙwabtanta kuwa a taƙaice. "Responsibility" ita ce ta kowa da kowa, tana karɓar "my" da "your", tana da jam'i, ba ta da zafi, kuma a mafi yawan wasiƙunki ita kike bukata. "Duty" wajibi ne da aiki ko doka ko addini ya ɗora. "Burden" nauyi ne da ake ji a jiki ko a zuciya ko a aljihu, shi ya sa mutum zai iya zama "a burden" ga danginsa amma ba zai zama "an onus" ba. "Liability" alhakin biya ne a gaban doka. "Blame" zargi ne, yana kallon abin da ya riga ya faru, ita kuwa "onus" tana kallon abin da ya rage a yi. A Amurka wasu sukan yi amfani da ita da ma'anar zargi ko tabo, amma kada ki bi su a wasiƙar ofis. Haka kuma akwai masu rubuta "the onus of the matter" suna nufin gundarin magana. Kuskure ne, "the crux of the matter" suke nema. Wasu kuma suna ɗauka "onerous task" yabo ne, kamar a ce aiki mai daraja, alhali aiki mai gajiyarwa take nufi.

Ga gwajin da za ki riƙa yi kafin ki rubuta ta. Ki cire "the onus is on" ki sa "it is up to" a madadinta. "It is up to the dealer to produce the receipt" ta zauna, to waccan ma za ta zauna. Idan jimlar ta karye, ginin ne ba daidai ba. Idan ta zauna, sai ki tambayi kanki ko akwai jayayya kan wanda zai yi aikin, kuma ko kina da matsayin nuna wa mutumin yatsa. In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, ki sa "responsibility" ko ki juya jimlar ta zama roƙo.

Shi kuwa manaja, kada ki rubuta masa doguwar takardar ban haƙuri, za ki mai da ƙaramin abu babba. Ki sake rubuta wasiƙar dila a sigar roƙo, ki haɗa da bayanan bankin da kika duba, ki kai masa ofis lokacin da babu kowa. Idan ya gama dubawa, ki ce masa da Hausa, "Ranka ya daɗe, maganar da na yi ranar taro, nufina takardar ta kammala tana jiranka ne, kalmar ce ban ajiye ta daidai ba, a yi haƙuri." Daga nan ki roƙe shi, duk lokacin da ya ja wa layi jan biro, ya rubuta miki gyaran a gefe. Ki sami ƙaramin littafi ki riƙa kwafe jimlar da kika rubuta a hagu, gyararriyar a dama, kuma a taro na gaba ki nemi magana tun a farko ki ba da rahoton inda aka kwana kan kuɗin buhu arba'in ɗin.